Jajayen Shanun Kogon Baba

Randa ce ta kai ni Kwali. Ni ruwan firji mura yake sa ni, kuma a Kurudu inda nake zaune wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Na zagaye Kasuwar Wuse kaf ina neman randar ƙasa irin wadda na tashi na gani a ɗakin kakata, aka yi ta nuna mini robobi masu kala-kala. Har wani mai shago ya dube ni ya ce, "Haba madam, wa yake shan ruwan randa a Abuja?" Na ce masa ni ce, kuma ban zo neman shawararsa ba. Wata mai sayar da doya a gefe ta kwashe da dariya, ta ce in randar ƙwarai nake so in tafi ƙauyukan bayan Kwali, can mata suke gininta.

Wata Asabar cikin damina na kama hanya. Motar haya ta sauke ni a Kwali, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni wani ƙauye a gindin duwatsu, gonakin doya hagu da dama, ko'ina kore shar. Gidan da aka kai ni na wata tsohuwa ce 'yar Gbagyi, gajeruwa mai ƙarfin hannu. Na same ta a sunkuye tana zagaya ɗanyar tukunya da baya da baya, tana ɗaga bakinta da yatsu; tukunyar na zaune wuri ɗaya, ita ce ke juyawa. Mama na kira ta tun ranar, har yau kuma haka nake ce mata.

Muna cikin zaɓen randa ta tambaye ni aikin me nake yi a birni. Na ce ina aiki a ofishin gwamnati mai kula da kayan tarihi. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Ni a rajista nake: fayil ya shigo in buga masa hatimi, in sa masa lamba, in miƙa gaba. Abin da na sani na tarihi bai wuce ɗan abin da nake tsinta a bakin masanan ofishinmu ba idan sun zo neman takardunsu. Amma wa zai tsaya wannan dogon bayani a ƙauye, ana kallon mayafinsa da jakarsa? Na bar maganar ta yi girman da take so.

Mijinta yana zaune a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Dogon tsoho ne siriri, yanar ido ta fara rufe masa na hagu. Da ya ji abin da na ce sai ya ajiye fartanyar, ya dogara sanda ya miƙe.

"Hajiya, ka ce kayan mutanen da kake dubawa?"

Tsohon, wanda nake kira Baba, kowa "ka" yake ce masa, mace ko namiji, haka Hausarsa take. Na ce e, kusan haka ne.

"To zo ka ga abu."

Da takalmi mai tsini na hau dutsen nan, ina haki ina mita a zuciyata, tsohon da ya kusa haihuwar mahaifina yana gabana yana jirana a kowace kwana. A can sama, bayan wasu itatuwa, akwai wani ƙaton dutse da ya rufo kan wani, ya bar kogo mai faɗin falo biyu. A bakin kogon Baba ya tuɓe takalmansa, ya ce in tuɓe nawa. Ya ce abu ɗaya zai roƙe ni: kada in taɓa bango. Shi ma bai taɓa sa masa hannu ba tunda aka haife shi, haka ubansa, haka kakansa. A tsaya nesa da shi kamu ɗaya a kalla da ido, shi ke nan.

Gaskiya gabana ya ɗan faɗi. Na ce a raina, ke kuma, daga sayen randa sai ki tsinci kanki a wurin tsafi? Na tambaye shi kai tsaye ko yanka suke yi a wurin. Ya yi dariya ya ce babu yanka, babu roƙo. Ya ce ko su ba su san waɗanda suka yi abin ba, kakanninsu ma tarar da shi suka yi. Abin da aka bar wa gidansu kawai shi ne shara da tsaro: uba ya miƙa wa ɗa yadda ya karɓa.

Sai da idona ya saba da duhun wurin na gan su. Shanu ne, jajaye, an zana su da jar ƙasa a jikin dutsen, ƙahoninsu dogaye sun buɗe, suna tafiya a jere sun nufi cikin kogon. Akwai babbar saniya a gaba, ɗan maraƙi a ƙarƙashinta. Akwai mutane sirara riƙe da hannun juna, wata mace da kaya a kafaɗa, irin ɗaukar da matan wurin suke yi har gobe. Sama kaɗan tafukan hannu ne, manya da ƙanana, wani ma bai kai na jikata ba. A can ƙurya tsofaffin tukwane ne a kife, ƙasa ta cinye rabinsu. Ban san me ya taɓa ni ba, amma ɗan ƙaramin tafin hannun nan na daɗe ina kallonsa.

Da muka juyo ne ya nuna mini abin da ya sa ya kawo ni. Bangon bakin kogon kaf rubutu ne. Fenti shuɗi, fenti baƙi, gawayi, har da wanda aka ƙwaƙule da ƙusa. Wane yana son wance. Lambobin waya. Alamar jam'iyya. Masu hawa dutse yin addu'a, namu da na coci, kowa ya bar ayarsa. Baba ya ce tunda aka gyara titi mutanen birni suka gano dutsen, sukan zo ƙarshen mako da lemo da kiɗa. Tukunya biyu sun fasa, ɗaya ta yi ƙafa. A da yana korarsu da sanda, yanzu kafin ya hau sun gama sun sauka ta ɗaya gefen.

"Rubutun yana tafiya ciki, Hajiya. Kowane wata yana matsowa. Ƙofar ƙarfe kawai nake so, da kwaɗo. Ka faɗa wa oganka."

Kaina ya ɗau zafi, kamar yadda ya saba. Na zagi waɗanda suka yi rubutun har iyayensu da ba su ba su tarbiyya ba. Na dafa ƙirji na ce wa Baba ya sa a ransa ƙofa ta zo. Haka na cika baki, ban tambayi kowa ba.

Shekara biyu na yi ina bin maganar ƙofar nan. Na rubuta takarda da hannuna, na buɗe mata fayil, na buga mata hatimina. Ni da na san inda fayil yake kwana, na bi shi ofis-ofis, in an tura shi ƙasan tari in zaro shi in ɗora a sama. Masinjoji suka sa mini suna Hajiyar Kogo. Wani masanin zanen duwatsu da muke da shi, mutum mai sanyin magana, ya ga hotunan da na ɗauka a waya ya ce lallai wurin ya cancanci a kula da shi, amma ba a fitar da komai sai Darakta ya je ya gani da idonsa. Darakta kuwa kullum yana taro, ko ya yi tafiya, ko ya ce in dawo bayan salla. Wata rana na tare shi a matakala na ce, "Ranka ya daɗe, in ba za ka je ba ka faɗa mini in daina wahalar da tsoho." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in kwantar da hankalina.

A tsakanin nan nakan je ƙauyen duk bayan wata biyu ko uku. Mama ta cika mini jaka da doya, in kai musu sukari da man zafi. Idon Baba yana ta lalacewa, na daman ma ya bi sahu, har ta kai sai na yi magana yake gane ni. Amma hawan dutsen bai daina ba. Ƙafarsa ta haddace hanyar, kuma duk sati sai ya je ya yi shara.

Akwai wani zuwa da ba na mantawa. Muka hau mu uku, ni da Baba da babban ɗansa, magidanci mai furfura a gemu, manomi, yakan taɓa birkila in rani ya yi. Muna shiga na ga rubutun ya iso. Wani ɗan banza ya rubuta sunansa da shuɗin fenti a kan gadon bayan babbar saniyar, wani ya zana zuciya a kan mutanen nan masu riƙe da hannu. Na fashe da faɗa. Na ce wannan abin kunya ne, wallahi da ni ce mai wurin nan ba zan yarda baƙo ya ga wannan ƙazanta ba. Da masu fentin nake, amma a gaban masu wurin na faɗa. Ɗan ya sunkuyar da kai. Baba ya juya yana lalube da sandarsa. Ni kuwa na sauko ina jin na yi abin kirki, na nuna kishi.

Ana nan sai ga Darakta ya sa rana. Murna kamar in taka rawa a rajista. Na kira ɗan Baba a waya, don shi ke da waya a gidan, na ce Darakta da kansa zai zo, da manya, mota uku. Na ce a shirya sosai, mutum ne mai son tsafta, kada a ba ni kunya. Ya ce, "Madam, kada ki damu, za ki ga aiki." Na yi niyyar in je ranar Asabar kafin zuwan in ga shirin da idona. Ban je ba. Wuse na tafi sayen atamfa, na wuce wurin tela, don in fito fes ranar da za a ce ga wadda ta gano wurin.

Abin da ke cina har yau shi ne na san al'adar. A ofishinmu ma in babba zai zo, har duwatsun bakin hanya da gindin itatuwa sai an shafe su da farar ƙasa. Na sha tsallake bokitin da ƙafata ina tsaki. Kowane ƙauye a ƙasar nan ya san haka ake tarbar gwamnati. Amma ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba.

Ranar muka taso da hantsi. Tun daga mararrabar ƙauyen na fara ganin fararen duwatsu a jere gefen hanya, gindin kowace bishiya fari tas. Har daɗi na ji, na ce wa direba, "Ka ga mutanen kirki." Aka tarbe mu da ganguna, mata sun yi anko, mai gari ya yi jawabi. Baba ya sa wata tsohuwar babbar riga da ban taɓa ganinsa da ita ba, ta yi masa yawa. Ya kama hannun Darakta da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Muka hau. An sare ciyawar hanya, an yi matakala da ƙasa a wuraren santsi, kowane dutse an ɗiga masa fari. Tun kafin mu kai warin farar ƙasa da fetur ya dake ni. Muka tuɓe takalma, har Darakta. Na riga kowa shiga.

Fari. Daga bakin kogon har ƙurya, daga ƙasa har inda tsani ya kai, fari fat kamar ɗakin asibiti. Babu rubutu, babu saniya, babu maraƙi, babu tafin hannu. Tukwanen an tono su, an wanke su da sabulu, an jera su a layi baki sama, fasassun an kwashe. Na ce innalillahi, ban san a fili na faɗa ba. Masanin nan namu ya tsaya a bayana, na ji ya ja numfashi ya riƙe.

Sai ga Baba ya shigo da sandarsa. Ya tsaya daidai inda yake tsayawa kullum, kamu ɗaya daga bango, ya gyara murya.

"Oga, ka ga wannan, ita ce uwar shanu." Ya ɗaga sanda ya nuna farin bango, ya bi ƙahon da babu shi daga tushe har tsini. "Ga ɗanta a ƙasa yana sha. Waɗannan na baya suna binta. Nan mutane ne, sun kama hannu. Wannan mace ce, ka ga kayanta a kafaɗa, irin na matanmu."

Wallahi ko da faɗin yatsa bai kuskure ba. Duk inda ya nuna, nan abin yake a da, ni shaida ce. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har kan ɗan ƙaramin tafin hannun, ya ce wannan ubansa yakan ce yaro ne ya yi rigima sai da aka ɗaga shi ya sa nasa. Ya yi dariya, yana jiran a taya shi. Babu wanda ya yi motsi. Mutum kusan ashirin a cikin kogon nan, ba ka jin komai sai muryar tsohon. A nan na gane bai sani ba. Idonsa ba ya raba fari da ja a wannan duhun, kuma hannunsa ba zai taɓa bangon ya faɗa masa ba.

Darakta ya dube ni, na dubi ƙasa. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Ya bar Baba ya gama tsaf, ya ce, "Mun gode, Baba, mun gani, Allah ya ƙara lafiya." Masanin ya tsuguna a wani lungu ya ɗan kankare farar ƙasar da makullin mota, ya haska da waya. Ya taso ya raɗa mini cewa da shafe kawai aka yi, da akwai dabarar cirewa a hankali. Amma an kankare dutsen kafin a shafa, babu abin da ya rage a ƙasa sai sawun burushi. A gindin mota Darakta ya ce mini, ba da faɗa ba, "Hajiya, me zan rubuta? In ce a kashe wa bangon farar ƙasa ƙofa?" Ban bi su ba, na ce su tafi zan taho a haya.

Na sami ɗan Baba a bayan gida yana wanke bokitai. Na sauke masa duk abin da ke cikina. Ban tuna duk abin da na ce ba, kuma gara da ban tuna ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ba ni labari. Gayya suka yi, kwana uku, magidanta goma sha. Niyyarsu su cire fentin kawai, su bar zanen. Suka sa fetur da burushin waya. Shuɗin fentin kan saniyar ya fita, jan ya biyo shi. Suka ce bari su gyara gefen, gefen ma ya tafi. Kafin su farga bangon ya zama dabbare-dabbare, ya fi da muni, ga baƙi saura kwana ɗaya. Sai wani ya ce a shafe duka, ko ba komai gwamnati ta tarar da wuri mai tsafta. Baba kuwa suka ce masa bakin kogon kawai aka shafa, inda rubutu ya yi yawa.

"Madam," ya ce, "ba ke kika ce abin kunya ba ne? Kika ce kada baƙo ya gani?"

Na nemi wuri na zauna a kan turmi.

Da na tashi na ce zan je in faɗa wa Baba, don ba zan iya kallonsa yana nuna bango ba. Mama tana bakin wurin da take gasa tukwane, ashe duk tana jinmu. Ta taso ta riƙe mini hannu, riƙon da sai da na ji shi a ƙashi. Ta ce, "'Yata, in kin faɗa masa, me za ki ba shi a madadinsu? Shekara nawa ta rage masa? Ki bar masa shanunsa." Idonta a bushe, nawa ne ke zuba. Ta ce ita ta hau ta gani tun jiya, ta yi kukanta a can ta sauko ta ɗora tuwo.

Wata huɗu ban taka ƙauyen ba. Kunya ta hana ni, da haushin kaina. Fayil ɗin ya dawo rajista da rubutun Darakta na layi ɗaya, ni na buga masa hatimin rufewa da hannuna, na kai shi ɗakin ajiya. Masinjoji suka daina kirana Hajiyar Kogo ba tare da na hana su ba. Amma duk bayan 'yan kwanaki sai wayata ta yi ƙara, lambar ɗan Baba, in ɗauka in ji muryar tsohon.

"Hajiya, oga ya gani, ko? Ya ce mun gode. To ƙofa fa? Kada yaran nan su dawo."

In ce ana kan magana, Baba. In ce takarda ta kusa fitowa. In kashe wayar, abokan aiki suna tambayata ko lafiya.

Ranar da ya kira ya ce ya faɗi a hanyar dutsen, gwiwarsa ta kumbura, amma ya rarrafa ya ƙarasa ya yi shara, ranar na kasa jurewa. Da na tashi daga aiki na wuce wurin wani mai walda a bakin titin Kurudu. Na sa ɗan Baba ya auno bakin kogon da igiya ya aiko mini. Mai waldan ya tambaye ni ƙofar shago ce ko ta gida, na ce ya yi aikinsa kawai, ya sa ƙarfe mai kauri. Na sayi kwaɗo babba. Muka ɗora ƙofar a bayan a-kori-kura har ƙauyen, magidantan da suka yi gayyar farko su ne suka ɗauke ta a kafaɗa suka hau da ita, babu mai kallon idon wani. Ɗan Baba ya kwaɓa siminti ya kafa ta da kansa. Aikin ya yi kyau, ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa haka ba.

Baba a goye aka kai shi sama ranar, ƙafar ta ƙi. Aka zaunar da shi a kan dutse a bakin kogon. Ya shafa ƙarfen daga sama har ƙasa, ya girgiza shi ya ji bai motsa ba, ya buɗe kwaɗon ya rufe, ya sake buɗewa. Ya ce in gode wa oga, in ce masa tsoho ya ce gwamnati ta cika alkawari. Na ce zan faɗa masa.

Sannan ya ce kowa ya ɗan matsa, yana son magana da ni. Suka koma gindin itatuwa, Mama kaɗai ta tsaya daga nesa kaɗan tana kallona.

"Hajiya, kai idonka yana gani. Ni na daɗe ban gan su ba, sai a kai. Waɗannan ko na tambaye su, abin da zai yi mini daɗi za su faɗa. Kai ma'aikaci ne. Shiga ka duba mini da kyau, ka faɗa mini gaskiya. Jan yana nan, ko ya fara kodewa?"

Na tuɓe takalmi na shiga. Na tsaya kamu ɗaya daga bangon. Farar ƙasar ta fara ɓarewa a wasu wurare saboda damshi, dutsen yana leƙowa, toka-toka, da sawun burushi. Na duba inda saniyar take, na duba inda ɗan tafin hannun yake, har da haska waya, ko Allah zai sa in ga ɗigo ɗaya da zan riƙe in ce ban yi ƙarya duka ba. Babu. Na tsaya har sai da na tabbata muryata za ta fita daidai, sannan na fito.

"Yana nan, Baba. Ja wur."

"Har ɗan maraƙin?"

"Har shi."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da dutsen. Ya kira babban ɗansa, ya lalubo hannunsa, ya sa masa makullin a tafi ya dunƙule masa yatsu a kai. Ya yi masa magana da yarensu, gajeriya, sannan ya maimaita da Hausa don in zama shaida.

"Yadda ubana ya ba ni, haka na ba ka. Babu abin da ya ɓace a hannuna. Kai ma ka ba naka haka."

Ɗan ya durƙusa riƙe da makullin, kafaɗunsa suna rawa, bai yarda sauti ya fita ba. Baba yana ta shafa kansa, ya ɗauka nauyin amanar ne ya sa shi kuka. Ni na rufe ƙofar, don a cikinsu babu wanda hannunsa ya iya. Muka sauko da tsohon a goye, yana ta ba mai goyon nasa labarin yadda zai yi barci yau.